Akwatin Siffofi, Murafen Kwalba ko Wayar Mma: Wanne Za a Ba Yaro?

Duk wadda ta ratsa layin masu kayan yara a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, ko ta leƙa shagunan Adum, ta san akwatin nan mai ramuka a murfi: ɗaya zagayayye, ɗaya mai kusurwa uku, ɗaya mai kusurwa huɗu, wani kuma tauraro. Mai shago zai ce miki yana buɗe ƙwaƙwalwar yaro. Idan kika dawo gida Aboabo ko Asawase, kaka za ta ce ɓarnar kuɗi ce, su da gwangwanin madara da murafen kwalba suka yi raino, ga 'ya'yan nan sun zama mutane. Ƙanwar miji kuma ta ce ku bar wahalar da kanku, wasan yana cikin waya kyauta. Su ukun wasa ɗaya suke nufi, wato ware kaya da haɗa kama da kama. Sai dai aikin da kowanne yake yi a kan yaro daban ne, kuma abin da ya dace da ɗan wata 20 ba shi ya dace da 'yar shekara 4 ba.

A fara da sanin abin da ake nema a wasan. Ki zuba wa yarinya cokulan gida a tire, ki ce ta ware manya daga ƙanana. Dole ta duba kowanne, ta riƙe ƙa'idar a ranta har ta gama, ta kuma kau da ido daga abin da ba a tambaye ta ba: wannan na roba ne, wancan na ƙarfe, amma yau girma ake bi. Can sai ta ci karo da cokalin da bai kai manyan ba kuma ya fi ƙananan. Sai hannu ya tsaya. Ta kai shi nan, ta dawo da shi, ta gwada shi da wani, ƙila ta buɗe masa wuri na uku. Wannan tsayawar ita ce ake biya wa kuɗi, domin a nan yaro yake koyon neman mafita da kansa. Amfaninta kuma yana zuwa da wuri. Ranar da malam ya rubuta mata haruffan “ba” da “ta” da “sa” a allo, jikinsu ɗaya ne, ɗigo ne kawai ya raba su: ɗaya a ƙasa, biyu a sama, uku a sama. A boko ma b da d suna jiran ta. Manhajar KG, wato azuzuwan share fagen firamare, da Ghana ta fara aiki da ita a 2019 ta gina karatun 'yan shekara 4 da 5 a kan wasa, kuma ware abubuwa bisa launi da siffa da girma yana cikin lissafin farko da ake koya musu.

Saboda haka ni da abu uku nake auna kowane kayan wasa: ko yana nuna wa yaro kuskurensa ba sai an faɗa masa ba, ko ana iya sauya ƙa'idar wasan, ko kuma yana jawo magana tsakanin yaro da babba. Maganar haɗari da ta kuɗi suna biyo baya.

Akwatin shago

Ƙarfin akwatin nan a abu na farko yake. Idan yaro ya ɗauki mai kusurwa huɗu ya nufi ramin da'ira, ba zai shiga ba, ko ya danna, ko ya buga, ko ya yi kuka. Babu wanda ya tsawata masa, akwatin ne ya ce a'a. Zai juya abin, ya gwada wani rami, har ya ji ya faɗa ciki. Wannan dabara tsohuwa ce. Maria Montessori, likitar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a 1907 a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Roma, a kan haka ta tsara kayanta. Cikinsu akwai katako mai ramuka 10 da 'yan gungume 10 masu bambancin kauri. Idan yaro ya sa siriri a ramin mai kauri, a ƙarshe zai ga guda ya rage a hannunsa ba shi da wurin shiga, sai ya koma neman inda ya kauce. Yaran da ta fara da su 'ya'yan leburori ne a gidajen haya, abin da masu sa sunanta a allon makaranta don su ƙara kuɗin zango ba su cika faɗa ba.

Ga yaro tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa 3, wannan babban abu ne, domin bai kai ga fahimtar dogon bayani ba, hannunsa ne ke yi masa karatu. Da'ira yake fara ganewa, saboda ta kowane gefe ka juya ta za ta shiga. Mai kusurwa uku da tauraro su ne na baya. Ƙari kuma, 'ya'yan akwati mai kyau manya ne, ba sa wucewa maƙogwaro.

Rauninsa shi ne amsa ɗaya gare shi. Da zarar yaro ya haddace ramukan, wasan ya ƙare, sauran maimaici ne. Wani yaron ma ganewa yake murfin na buɗuwa, ya buɗe ya zuba komai ciki lokaci guda ya tashi. (Kada a hana shi. Ya warware matsalar, ta hanyar da mai akwatin bai shirya mata ba.) Sannan a gidan haya mai ɗaki goma da yara ashirin a tsakar gida, tauraro zai ɓata, mai kusurwa uku ya faɗa kwata, a bar miki akwati da ramuka. Kusan duka daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Na roba mai araha yana tsagewa ya bar baki mai kaifi, araha kuwa ba ta ado. Na katako ya fi ƙarko, har ƙanne su gāda, amma ki kankara fentin da farce tun a shago. Idan yana ɓarewa ki ajiye, domin bakin yaro za shi, kuma fenti marar asali yana iya ƙunsar dalma, wadda ke illa ga ƙwaƙwalwa. Idan na gwanjo ne, ki ƙirga 'ya'yan da ramukan kafin ki biya.

Akwai kuma mai batir, wanda ke kiɗa da walƙiya yana kiran sunan siffa da Turanci. Shi ya fi tsada, shi ya fi ɗaukar ido, kuma ni shi nake sa wa a ƙarshen layi. Jennifer Zosh da abokan aikinta a Amurka sun wallafa wani bincike a 2015, inda suka ba wasu iyaye akwati mai magana, wasu kuma na gargajiya, suka saurari abin da suke ce wa 'ya'yansu. Masu na gargajiya sun fi yin maganar siffa da wuri, irin su gefe da ciki da juyawa, kuma kalmominsu sun fi yawan iri. Abin ba wuya a gane: idan akwati yana surutu, uwa shiru take yi, ko maganarta ta koma “danna nan”.

Kayan gida

A nan na fi daɗewa, domin a nan aka fi raina abu mai amfani. Ana cewa kayan gida ba sa gyara wa yaro kuskure da kansu. Wasu suna yi. Tara robobin ajiye abinci biyar, ki cire murafensu ki gauraya: murfin da ba na robar ba ba zai zauna ba. Haka tukwane da murafensu, haka kwaɗo da makulli. Uban da ke aiki a Suame Magazine, unguwar makanikai, yana iya kawo manyan notoci da ƙusoshinsu masu kauri daban-daban, a wanke baƙin mai tas, a ba ɗan shekara 4 ya nemo wa kowanne nasa. Na ga yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya ya manta da kowa a kan wannan. Takalman da ke zube a ƙofar ɗaki ranar suna ma wasa ne, a haɗa kowace ƙafa da 'yar'uwarta, a gane ta dama da ta hagu.

Amma inda kayan gida suka yi wa akwati nisa shi ne sauya ƙa'ida. Ɗauki murafen kwalba cike da gwangwanin Milo. Yau a ware su da launi. An gama, sai a ce to yanzu a manta da launi, na ƙarfe gefe, na roba gefe. Gobe masu rubutu da marasa rubutu. Kaya ɗaya, tambaya ta canza. Wannan sauyin yana da wuya fiye da yadda babba yake zato. Philip Zelazo, masanin tunanin yara, yana da wani gwaji da ya shahara: katuna masu hoton jan zomo da shuɗin jirgin ruwa, a ce yaro ya ware su da launi, bayan 'yan katuna a ce yanzu da siffa. Yawancin 'yan shekara 3 ci gaba suke yi da bin launi, ko da an maimaita musu sabuwar ƙa'ida a kowane kati, har ma suna iya faɗar ta da baki hannu na yin tsohuwar. Zuwa shekara 5 mafi yawa suna juyawa ba matsala. To idan Abdul ɗinki ɗan shekara 3 ya nace wa launi bayan kin ce girma, ba taurin kai ba ne, ba kuma daƙiƙanci ba, shekarunsa ne. A bar shi, a sake gwadawa bayan 'yan watanni. Akwatin shago ba ya kai yaro wannan mataki, domin ƙa'idarsa a sassaƙe take a jikin murfi.

Kayan ba sa ƙarewa. Tela a bakin layi zai ba ki ƙyallayen atamfa da shadda da leshi kyauta. A yanka su biyu-biyu, yaro ya haɗa zane da zane, daga baya a rufe masa ido ya haɗa su da taɓawa. Kiret ɗin ƙwai yana da gurbi 30, tiren warewa ne da ba a saya ba. Bayan wanki, a tara kayan Baba, na Mma, na jariri. Babban yaro mai shekara 5 ko 6 ana iya ba shi tsabar kuɗi, 10 da 20 da 50 pesewa da sidi 1 da sidi 2 ɗin da aka fito da shi a 2019, ya ware ya kuma jera daga ƙarami a daraja zuwa babba, sannan ya wanke hannu. Mai sayar da waakye da ke tsince wake da yamma, idan 'yarta 'yar shekara 5 ta zauna kusa tana fitar da tsakuwa da ruɓaɓɓe, darasin nan ne ake yi, ba a dai sa masa suna ba. Ƙungiyar Lively Minds, da ke aiki tare da hukumar ilimi a arewacin Ghana, a kan wannan ta kafu: iyaye mata take horarwa, da yawansu ba su shiga aji ba, su riƙa jagorantar wasannin koyo a KG da kayan da ake samu a garin.

Ga kuma harshe. Hausa ba ta cikin harsunan gida 11 da gwamnatin Ghana ta amince a koyar a makarantu, don haka ɗan Zango a Kumasi da Twi da Turanci zai tarar a aji. A gida ne kawai zai ji ana tambayarsa “me ya sa ka sa wannan a nan?” da harshen da yake tunani da shi, ya kuma yi ƙoƙarin ba da hujja. Yaron da ya iya cewa “saboda ya fi wancan tsawo” ya riga ya mallaki tunanin, sanya masa kalmar Turanci daga baya aiki ne mai sauƙi.

Kayan gida suna da nasu farashi, ba a kuɗi ake biya ba. Sai da babba. Murafe a gwangwani shara ce har sai wani ya zauna ya kafa tambaya, kuma uwar da ta fita tun asuba ta dawo magariba ba ta da wannan zaman kullum. Minti 10 yana isa, kuma yaya 'yar firamare ko kaka suna iya riƙe shi, amma dole wani ya riƙe. Matsala ta biyu ta babban ce: gaggawa. Yaro ya sa ja cikin kore, kafin ya ɗaga ido an fizge an gyara, ko a ce “kai, ba ka gani ne?” An ƙwace masa tsayawar nan da ake nema. Abin da ya fi shi ne a yi shiru kaɗan, in bai lura ba a ce “duba wannan kwanon, kowa ɗan gida ne?” Wani lokaci ma za ki tarar yana da tasa ƙa'idar da ba ki hango ba, ya haɗa su ne don duka biyun sun lanƙwashe. Idan kuma yaro, musamman namiji, yana iya ware komai amma kullum ja da kore suna rikice masa, a kai a duba idonsa kafin a zarge shi da rashin hankali. Rashin bambance waɗannan launuka gado ne, ya fi yawa ga maza.

Sai babbar magana, wadda a kanta kaka ba ta da gaskiya duka. Ƙananan abubuwa suna kashe yara. A Amurka da Turai, ma'aunin kayan wasan 'yan ƙasa da shekara 3 wani ɗan bututu ne mai faɗin kusan santimita 3.2, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya an hana. Murfin kwalbar ruwa yana shigewa. Haka maɓalli, tsakiya, tsabar kuɗi, wake, aya. A gida ki gwada da kwalin tsakiyar takardar bayi, wanda ya ɗan fi wancan faɗi: abin da ya wuce ta cikinsa ba na mai rarrafe ba ne. Gyaɗa tana cikin abubuwan da suka fi sarƙe yara su faɗa hanyar numfashi, wake kuma idan ya shiga hanci ko kunne ya sha danshi kumbura yake. Mafi muni shi ne batir ɗin nan mai kama da maɓalli da ke cikin kayan wasa masu kiɗa da ƙananan fitilu: idan ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona shi cikin awa 2. Wannan ba a jiran gari ya waye, asibiti ake nufa nan take, Manhyia ko Komfo Anokye, wanda ya fi kusa.

Waya

Ba zan ce ba ta da amfani ko kaɗan ba. Ba ta ɓata, matakan wasan suna ƙara wuya da kansu, kuma a layin asibiti ko cikin trotro ta sha ceton uwa. Amma dubi abin da hannun yaro yake yi: yatsa ɗaya yana ja a kan gilashi. Babu nauyi, babu kauri, babu juya abu har ya zauna. A yawancin wasannin, idan ka ja siffa kusa da gurbinta sai ta yi tsalle ta shige, idan ba nata ba ne ta koma inda take. Yaro mai wayo yana gane cewa ja-ka-gwada ya fi tunani sauri, ya cinye wasan bai kalli siffar ba. Na kyautar cike suke da talla, suna cin data, kuma daga wasa zuwa bidiyo taɓawa ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ya fi. Idan za a yi, a yi tare, ana tambayarsa abin da yake gani. Waya a hannun yaro shi kaɗai a lungu raino ce, kada a kira ta karatu.

To wanne?

Idan yaronki bai kai shekara 3 ba kuma akwai halin saye, ki sayi akwati ɗaya, na katako ko roba mai kauri, marar batir, mai siffa uku zuwa biyar. Mai ramuka goma sha biyu takaici kawai zai ba shi. Guda ɗaya ya isa. Idan babu hali, robobi da murafensu da manyan cokula da takalma suna yin aikin, muddin kowanne ya fi ƙarfin baki. Akwai ma hanya ta tsakiya da ba a cika tunawa ba: kafinta. Guntayen katako suna zube a kasuwar katako ta Sokoban da wurin kowane kafinta na unguwa. A ce ya yanko da'ira da mai kusurwa uku da mai kusurwa huɗu, kowanne manya da matsakaita, faɗin ƙaramin ya kai tafin hannun yaro, ya goge bakin sumul, kada ya shafa fenti ko vanish. In ya huda ramukansu a falle ɗaya na katako, an sami akwatin. In guda ya ɓata, a koma ya yanko wani.

Daga shekara 3 zuwa 6, kuɗin akwati asara ne. A tara murafe da ƙyallaye da notoci a gwangwani mai murfi, a ba shi wurin ajiya sama da inda tsintsiya take kaiwa, a riƙa sauya tambaya. Idan ya ƙware a ƙa'ida ɗaya, a haɗa biyu: ja kuma babba. Idan wannan ma ya zama ruwa, a juya wasan, ke ki ware ba tare da kin faɗi ƙa'idarki ba, shi ya gano ta. Sannan shi ya ware, ke ki canka. Mai son kashe kuɗi a wannan shekarun ya sayi hoton da ake yayyankawa a harhaɗa, mai guda 12 zuwa 24.

Gidan da ya fi wuya shi ne mai 'yar shekara 4 da ƙani mai rarrafe a ɗaki ɗaya, kuma irinsa ya fi yawa a Zango. A nan ƙaramin ne ke yanke hukunci. Murafe da wake da tsaba ba sa fitowa sai yana barci ko yana goye, a kan tire ɗaya, a ƙirga su kafin a zuba, a ƙirga bayan an kwashe, kuma ita yayar ce za ta yi ƙirgar. Sauran lokaci su yi wasa da abin da su biyun za su iya taɓawa: ita ta jera robobi daga babba zuwa ƙarama, shi ya rushe, ta sake jerawa.